Kunnen Baba ya ceci giyabos ɗina, amma saura kwana uku a sake sauke shi

Wata biyu ke nan da na karɓo motata daga garejin Baba, dattijon nan da kowa ke cewa in dai matsalar giya ce a kai masa. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Gara da na dakata.

Motar tsohuwa ce, manuwal, giya biyar, mai jan baya, wato tayoyin baya ne ke tura ta. Kukan ya faro kamar wasa, wani siririn zuuu daga ƙarƙashin sandar giya, in na ƙara rediyo sai ya ɓuya. Wata guda da ya zagayo, rediyon ma ya kasa rufe shi. Kafin in kai ga Baba sai da na bi ta hannun makanikai biyu. Na farko ko tayar da motar bai yi ba, ya girgiza tayar gaba ya ce boris ne, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kai. Aka canza na hagu, kuka yana nan daram. Ya ce ashe na dama ne. Nan na ja motata. Na biyu ya ɗan zagaya da ita, ya dawo ya miƙo mini makulli ya ce giyabos ya gama yawo, in nemo wani a ɗora. Har na fara cigiya wani abokin aikina ya ce in bari tsohon nan ya saurara tukuna.

Da na isa na soma zuba masa labari, sai ya ɗaga mini hannu. "Ɗana, shiga ka zauna a gefe. Kashe rediyon nan, ka yi shiru." Ya tayar da mota, giya a firi, injin yana sulo, ƙafarsa ba ta kan komai. Kukan yana fitowa a hankali. Ya taka kuloci har ƙasa. Cikin kamar daƙiƙa biyu kukan ya yi ƙasa-ƙasa ya mutu. Ya saki, ya dawo. Sau uku yana yin haka bai ce uffan ba, sannan ya juyo ya ce, "Ka ji? In na taka kuloci na raba injin da giyabos, shaf ɗin da ke shiga ciki, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin injin, ya daina juyawa. Shi ya tsaya, kuka ya tsaya. To ina ruwan taya, ga mota a tsaye?" Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na canza boris ɗin da hannuna. Ya ƙara da cewa altaneta ma ta fita daga zargi, tunda bel ɗinta yana ci gaba da juyawa ko an taka kuloci ko ba a taka ba, da ita ce da kukan bai ɗauke ba.

Muka hau titi. Lamba ɗaya kuka, biyu kuka, uku ya fi tsananta. Yana jefa ta a huɗu sai tsit, kamar an toshe bakin motar. Ya sa biyar, ya dawo. Ni da nake tuƙa ta kullum ban taɓa lura da wannan ba. Ya ce a irin wannan giyabos na mota mai jan baya, lamba huɗu kai tsaye take: shaf ɗin shiga da na fita suna kulluwa su juya tare, ɗaya da ɗaya, ƙarfin injin ba ya bi ta shaf ɗin ƙasa. Sauran giyoyin kuwa dole ƙarfi ya sauka ƙasa ya hau, haƙora suna tura juna gefe, boris yana ɗaukar nauyin. Saboda haka boris ɗin da ya ci ya huta a huɗu, ya yi ihu a sauran. Ya ja kunnena cewa kada in ɗauki wannan gwajin in kai wa mai mota mai jan gaba, don galibinsu ba su da giyar kai tsaye irin wannan.

Bai tsaya nan ba. A wani fili da babu motoci ya karkaɗa sitiyari hagu da dama, ya ce boris ɗin taya gurnani yake yi wanda ke bin gudun mota, kuma yana sauya murya in nauyi ya koma gefe ɗaya a kwana. Nawa bai sauya ba. Ya taka totur ya saki, ya taka ya saki, yana sauraren baya, don kukan aksul, wato inda ƙarfi ke rabuwa zuwa tayoyin baya, yakan bambanta tsakanin lokacin da mota ke ja da lokacin da ta saki jiki. Can ma lafiya. Na ce masa ai ribas ɗina ma tana kuka. Ya yi dariya ya ce wannan haka aka haife ta, haƙoran ribas a miƙe aka yanka su, na giyoyin gaba a karkace, shi ya sa na gaba ba su da hayaniya.

Duka wannan bai kai minti ashirin ba, kuma ko sifana bai ɗauka ba.

Da aka zo zubar da man giya, sai da ya sa aka fara kwance notin zubawa na sama kafin na ƙasa. Ya ce ya sha ganin wanda ya tsiyaye mai tas sannan notin sama ya ƙi kwantuwa, ya zauna da busasshen giyabos. Ya zura yatsa a ramin, bai taɓo mai ba, alhali a bakin ramin ya kamata ya tsaya. Sil ɗin baya, robar da ke tare mai, ya daɗe yana ɗiga ban sani ba. Ya miƙo mini notin ƙasa mai maganaɗisu in gani: baƙin gari mai laushi ya lulluɓe shi, wanda ya ce wannan ba komai, sai kuma wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli kamar ɓawon kifi. Babu gutsuren haƙori, babu ƙyallin tagulla da zai nuna zoben da ke daidaita shigar giya ya ci. Da suka buɗe ya ɗora mini tsohon boris ɗin shaf ɗin shiga a tafin hannu ya ce in juya. Gurus-gurus yake kamar an zuba masa yashi, hanyar da ƙwallayen ke bi duk ta yi ramuka. Aka canza shi, aka canza na shaf ɗin ƙasa da sil. Ya kuma ƙi karɓar man da na zo da shi, ya ce nau'in GL-5 ne, littafin motar nau'in GL-4 ya ce, kuma sinadarin da ke cikin wasu nau'in GL-5 ba ya shiri da tagulla. Na mayar na sauya. Giyabos ɗin da aka ce ya mutu ga shi yana tafiya shiru.

To, ga inda ran nawa ya ɓaci.

Ranar da giyabos yake ƙasa, na ce wa babban yaronsa tunda an riga an sauke, a canza boris ɗin kuloci gaba ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, wannan da sauransa, kada ka ɓata kuɗinka." Ban gan shi da idona ba, na yarda don na ga aikin ogansa. Mako uku cif, ina tsaye a danja, na ɗora ƙafa a kan kuloci sai na ji wani ƙiii. Na ɗaga, shiru. Na taka, ƙiii. Abin haushin, karatun Baba ne ya sa na gane ciwon nan take, don ya faɗa mini da bakinsa: kukan da ke ɗaukewa in an taka na cikin giyabos ne, wanda ke zuwa in an taka na boris ɗin kuloci ne. Ƙaramin abu ne a cikin kayan mota, amma babu hanyar kai masa hannu sai an sake sauke giyabos ɗin nan kacokan.

Na koma a fusace. Baba ya taka sau ɗaya ya ce haka ne, ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana, ya ce in sayo kaya za a yi aikin ba kuɗin hannu. Wannan na yaba. Amma sai ya ɗora da cewa wataƙila ina da ɗabi'ar barin ƙafa a kan kuloci ina tafiya, ita ke kashe boris ɗin. To, ina yi wani lokaci a cunkoso, ban musa ba. Sai dai ƙafata ba za ta cinye lafiyayyen boris a mako uku ba, abin ya riga ya gaji tun yana hannunsu. Kuma tunda ana tone-tone, kwana uku aka ce mini aikin farko zai ɗauka, sai da motar ta kwana takwas. Na karɓe ta da shatin baƙin hannu a kujera, robar sandar giya kuma ba a maƙala ta ba, tana reto, zafi yana shigowa ta wurin. Da murnar shirun da na samu na haɗiye duk wannan, yanzu kuma ya dawo mini sabo.

In kukan motarka ya gagari kowa, kai masa ya saurara, a wannan ban ga na biyunsa ba. Wurin ɗaurawa ne nake da ja, don shi ba ya tsayawa a kan yaran, yana can yana sauraren wata motar. Litinin za a sake sauke tawa. Na sayo faifan kuloci da murfinsa da boris ɗin, har da ɗan ƙaramin boris na tsakiyar filawul, faifan ƙarfen bayan injin, wanda bakin shaf ke zama a ciki, don kada a ce mini shi ma da sauransa. Na kuma ɗauki hutun yini guda a wurin aiki, a kan benci zan zauna har a ɗaure noti na ƙarshe.