Na sa tabaraun VR na leƙa Petra, ga yadda na samu manhajar

Sati uku kenan ina amfani da wata manhaja ta tabaraun VR mai ɗauke da samfurin tsofaffin gine-ginen tarihi, kana sawa a fuska sai ka ganka tsaye a gabansu. Ni aikina duba gini ne, tsagewa, damshi, inda filasta ta saki, to da idon aiki na shiga ba yawon buɗe ido ba, shi yasa abun da ya dame ni ƙila wani ko a jikinsa.

Inda ta fara kama ni shine Petra, tsohon birnin da ke ƙasar Jodan, wajen ginin nan Al-Khazna da Nabatiyawa, mutanen wajen na zamanin da, suka sassaƙa a jikin dutse, tsayinsa wajen mita 40. Wanda ya je da ƙafarsa iyakarsa ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai har wuya ya gaji, amma nan danna maɓalli ɗaya kawai sai gani can ƙoli kusa da tulun dutsen da ke sama, kuma wallahi ga ramukan harsashi nan ɓaro-ɓaro a jikinsa, na mutanen da suka ɗauka dukiya aka ɓoye a ciki suka yi ta harbi, alhali tulun dutse ne zalla ba komai a cikinsa. Ban san sanda na miƙa hannu zan shafa ba, sai ji na yi na daki ƙofar ɗaki. Da na sauko gindin ginin kuma ka ga yadda dutsen ya cinye daga ƙasa, irin cin da ruwa da gishiri suke yi wa dutsen yashi a hankali, wannan kam ko a wajen aiki ba kullum nake samun ganin abu kusa haka ba sai an kafa min tsani.

Yadda ake haɗa abun ba siddabaru bane. Na'urar leza ake girkawa kan ƙafa uku tana juyawa tana auna nisan kowane ɗigo na bango, a ɗauke ta a kai wani lungun a sake, sannan a haɗa da dubban hotuna da aka ɗauka suna hawa kan juna, na rufin kuma jirgi mara matuƙi ke ɗaukowa, kwamfuta ta ɗinke su. Kuma amfaninsa ba wasa ba, wani malamin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya auna cocin Notre-Dame ta Faris da leza ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya, ya rasu a 2018, ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin da hasumiyar tsakiya, sai ma'auninsa ya zama shaidar yadda ginin yake kafin wuta. Ita ma ƙungiyar CyArk da aka kafa a 2003 kan haka take, bayan an tarwatsa manyan gumakan Bamiyan a Afganistan a 2001.

To ga inda manhajar ta ban haushi. Ba ta rubuta ranar da aka yi sikanin, wato awon lezar nan! Haba, ni da nake duba tsagewa ai tambayata ta farko ita ce yaushe, tsagewar da ta tsaya cak shekara goma daban, wadda take buɗewa duk wata daban, in ba ka da samfuri biyu na lokuta daban ka ɗora ɗaya kan ɗaya to hoto kawai kake kallo mai kyau. Na shiga saitin na fita, na duba ko'ina, babu.

Na biyun ya fi muni ma. Duk inda leza ba ta kai ba, bayan ginshiƙi ko ƙarƙashin wani tudu, manhajar sai ta cike gurbin ta shafe sumul kamar sabuwar filasta, ba ta canza launi ba balle ka gane nan ƙirƙira ce. Sai da na lura wani waje ya yi laushi kamar an narka kyandir tukunna na farga. Wanda bai saba ba cewa zai yi wajen lafiya lau, alhali babu wanda ya auna shi. Sannan mu a wajen aiki ƙwanƙwasa bango muke yi da gindin guduma, in ya yi ƙara kamar ganga ka san ciki ya rabu, ka sa tafin hannu ka ji sanyin damshi, nan kuwa babu ko ɗaya, wannan dai ba laifin masu manhajar bane amma a sani.

Abun awo na cikin manhajar yana aiki, ka nuna nan ka nuna can ya baka mita, sai dai hannu na rawa kaɗan lambar ta sauya. Jiri kuma akwai shi, ranar farko minti 20 na cire na kwanta, yanzu na gano in ina tsalle daga waje zuwa waje maimakon shawagi ba ya kama ni sosai. Batir baya kai min awa biyu, goshi ya jiƙe da zufa.

Tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar. Ɗalibi ko mai son ya san gini kafin ya je, ya saka ba zai yi nadama ba, amma ni ba zan sa hannu a rahoto da ita kaɗai ba. Na tura musu saƙo kan maganar kwanan wata da launin wuraren da suka cike, yau kwana tara shiru.