Sikelin yara mai kwano biyu, bayan wata uku a gidana

Rigimar rabon gyaɗa ce ta sa na saye shi. Duk ranar da na raba wa yarana biyu, sai babbar, mai shekara 6, ta ce kason ƙaninta ya fi, shi kuma mai shekara 4 ya rantse nata ne ya fi. A kasuwar Sabon Gari ta Kano na gan shi wajen masu kayan wasan yara: sikelin roba mai kwano biyu garai-garai, da 'yan ƙwayoyin roba kala-kala na ƙirge.

Ƙwayoyin nan ba su kwana biyu ba na ɓoye su, don girmansu daidai bakin jaririn maƙwabciyata ne. Muka koma kan kayan gida, kuma nan ne sikelin ya biya kuɗinsa.

Dokata ɗaya ce: ba a ɗora komai sai an kintata. Ranar farko na kawo busasshen soson wanka da kwaɗon ƙofa, na ce wanne zai rinjaya? Su duka suka nuna soso, tunda ya fi girma. Da kwanon kwaɗon ya yi ƙasa, ƙaramin ya ce, "Umma, sikelin nan ƙarya yake!" Sau huɗu yana sauya musu gefe kafin ya haƙura. Yanzu sai ya jinjina abu a hannu kafin ya buɗe baki.

Kakarsu ta yi mana dariya, wai su da mudu da gwangwanin madara suka koyi awo, ba a sayo musu komai ba. Gaskiyarta. Sai dai mudu cika yake nunawa, ba ya faɗin nauyi. Na cika gwangwani da shinkafa, na sake cika shi da gugguru, muka juye kowanne a kwanonsa. Awo ɗaya, amma shinkafar ta danne. Babbar ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, ashe gugguru iska ce a ciki." Wannan da baki kaɗai da wuya in fahimtar da ita.

Mun gwada da ruwa ma. Na zuba daidai wa daida a kofi biyu, na juye ɗaya a doguwar kwalba. Ƙaramin ya kafe cewa na kwalbar ya ƙaru, ko da na mayar da ruwan cikin kofinsa, na ɗora kofunan biyu, sikelin ya tsaya cak. Ban matsa masa ba. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, ya daɗe da nuna cewa yawancin yara sai wajen shekara 7 suke gane sauya mazubi ba ya ƙara ruwa.

Aibinsa kuwa, tsakiyar da hannun ke juyawa tana cijewa idan ƙura ta shiga, sai an goge. Robar ba ta da kauri, kwano ɗaya ya riga ya tsage a baki. Babu ko kalma ɗaya ta Hausa a takardar bayaninsa. Ga mai yaro daga shekara 4 zuwa 7 zan ce ya saya, in har zai zauna tare da su, don in an bar su su kaɗai jirgin ruwa suke mayar da kwanukan.

Gyaɗar fa? Bambancin ƙwaya biyu ko uku bai isa ya motsa shi ba. Har yau ƙirga musu nake yi ɗaya bayan ɗaya.