Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi a Jidda da Makka: kada ku tura wa mutumin nan kafin alƙalami

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ya kutso cikin zaurukan WhatsApp na Hausawan Jidda da Makka yana tallar kwalayen tankokin roba, irin waɗanda muke haɗawa da gam mu yi musu fenti, a kan rabin kuɗin shago. Duk wanda tallar ta iso masa, don Allah kada ya tura ko riyal ɗaya. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ma na aro ne, yana sauya shi tare da lambar waya. Salonsa ne ba ya sauyawa, shi kuwa zan bayyana muku dalla-dalla.

Hausa yake yi tsaf, ga ladabi, kowa Alhaji ne ko Yaya a bakinsa. Yakan ce yana da ɗan uwa a Japan da ke ɗauko kaya kai tsaye daga Shizuoka, garin Tamiya, kamfanin da ke ƙera irin waɗannan tankokin roba, shi ya sa nasa ke da araha. Da farko ƙananan kaya yake sayarwa: kwalbar gam mai koren murfi, fenti, burushi. Waɗannan na gaske ne, kuma yana kawo su a kan lokaci. Sai mutane sun fara yi masa shaida a zaure, sannan ya buɗe abin da yake kira odar taro: kowa ya zaɓi tankarsa, ya biya rabi, kaya na tafe. Asusun da yake bayarwa kuma ba da sunansa yake ba. In ka yi magana ya ce na kafilinsa ne.

Yawancin waɗanda ya cuta samari ne masu tsaron shago da direbobi, waɗanda sai sun yi watanni suna tari kafin su sayi kwali ɗaya. Har da wani bawan Allah da ya biya don ɗansa, saboda ya ga yaron ya ajiye waya ya zauna yana aikin hannu. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Wasu ba su ga komai ba har yau. Wasu kuwa an kai musu kwali, kuma an kawo mini wasu daga ciki na duba da idona. Na farko hoton Tiger I ne a jikinsa, da taurarin nan biyu na Tamiya, ja da shuɗi. Kwalin na gaske ne, amma tsoho, gefensa ya sha hannu. Ledar da aka naɗe shi da ita irin ta rufe abinci ce. A ciki an farke ledojin an sake liƙe su da salatif, reshen da ke ɗauke da tayoyi (reshe shi ne firam ɗin robar da gutsattsarin ke maƙale a jikinsa) babu shi gaba ɗaya, sitikar ruwa, wato tambarin da ake jiƙawa a manna wa tankar, ta yi rawaya ta tsattsage saboda zafin rana. Tankar da ba tayoyi me za a yi da ita?

Na biyu an biya kuɗin ma'aunin 1/35, wato tankar da aka rage tsawonta zuwa kashi ɗaya cikin 35 na ta ainihi, aka zuba na 1/72 na wani kamfani a cikin babban kwali, aka cike gurbin da tsohuwar jarida. Sabon shiga ba zai gane ba sai ya yi nisa, alhali lissafin mai sauƙi ne. Tsawon Tiger I ta ainihi, har bakin bindigarta, ya ɗan haura mita 8. Raba shi gida 35, ka samu kusan santimita 24. A 1/72 kuwa ba ta kai santimita 12 ba. Abrams, irin wadda sojojin ƙasar nan suke da ita, tana kai wajen santimita 28 a 1/35. Rula kaɗai ta isa ta tona asirinsa.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi waɗannan wayo. Tamiya har yanzu tana sayar da wasu tsofaffin samfuranta na shekarun 1970, kuma ba su da laifi, da su da yawanmu muka koyi hannu, kuɗinsu ma kaɗan ne. Ana gane da yawansu da ramukan da ke ƙarƙashin gangar jiki, domin a wancan zamani ana sa musu ƙaramin inji da batir. Shi sai ya kawo maka irin wannan a kan kuɗin sabon fitowa mai ɗaruruwan gutsattsari. Wani yaro kuma gutsattsarin rezin ya samu, wato wani sinadari daban da roba da ake zubawa a mazubi ya daskare, waɗanda aka kwafa daga na asali: duk ƙananan ramukan iska, bindigar a karkace, ga maiƙo a jiki. Gam ɗinmu narka roba yake yi ya haɗe ta, ba ya kama rezin ko kaɗan. Yaron ya yi ta shafawa abu ya ƙi zama, har ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Ƙurar rezin kuma ba ta da kyau ga huhu in ana goge shi, balle a ɗakin da yara ke kwana.

Waɗanda ba a kai wa komai ba, wani labarin ake ba su. Wai kwastan ta riƙe kayan saboda suna kama da kayan soja, sai kowa ya ƙaro wani abu a fitar da su. Ƙarya ce tsagwaronta. Roba ce a cikin kwali, ana sayar da ita a fili a shaguna. Kuma kuɗin kwastan da harajin nan na kashi 15 cikin ɗari da ake biya tun 2020, da rasit suke zuwa, ba a zuba su a asusun wani mutum. Bayan wannan sai saƙo ya shigo da mahaɗin intanet, wai ka biya kuɗin kawowa gida, ka sa lambar katinka da lambar sirrin da banki zai turo maka. Wanda ya ba da wannan lamba, ba kuɗin tanka kaɗai zai rasa ba, albashinsa ne gaba ɗaya. Haka in ya ce ka amince da wata buƙata a Nafath ko ka karanto masa lambar Absher, wato manhajojin gwamnati da ke riƙe da bayanan shaidarka: kashe wayar.

Araha ba ta ado. Kwalin Tamiya, ko Meng, ko Academy, ko Zvezda, kowanne da farashinsa da aka sani, ga kuɗin jirgi, ga haraji. Ta ina rabin kuɗi zai fito? In za ka saya a hannun mutum, ku haɗu ido da ido, a buɗe kwalin a gabanka kafin kuɗi ya bar aljihunka. Kowane reshe yana da harafinsa, A, B, C, kowane gutsure da lambarsa, ka bi takardar haɗawa ka ƙirga. Galibi za ka ga sunan kamfani an zana shi a jikin reshen. Lambar kwalin tankokin Tamiya na 1/35 galibi da 35 take farawa. Ka sa ta a shafin Scalemates, zai nuna maka shekarar da samfurin ya fara fitowa. In shagon intanet ne, nemi lambar rajistarsa ta kasuwanci. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye damar soke ciniki ya karɓi kuɗinsa in kaya suka yi jinkirin fiye da kwana 15, amma wannan hakki a kan shago mai rajista ake iya bin sa, ba a kan lambar waya da za a jefar gobe ba.

Na san abin da mutumin nan ya dogara da shi. Ya san cikinmu akwai waɗanda iƙamarsu ke da matsala, ba za su so zuwa gaban hukuma ba, saura kuma kunya ta hana su cewa an damfare su a kan abin da mutane ke kira kayan wasan yara. Shi ya sa nake roƙon waɗanda takardunsu ke daidai su shige gaba, tunda mutum ɗaya ne ya cuce mu duka. Dokar yaƙi da damfarar kuɗi ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7 da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan 5, ba ƙaramin laifi ba ne a nan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya fara kiran bankinsa yanzu, musamman in ya sa lambar kati a wancan mahaɗin. Kada ya goge hirarsu, ya ɗauki hotonta tare da rasit ɗin turawa da sunan mai asusun, ya shigar da ƙara ta manhajar Kulluna Amn. In da sunan shago aka yi cinikin, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900. Masu kula da zauruka kuma, ku adana tallarsa da lambobinsa kafin ku cire shi, domin za a buƙace su.