Yaya, ga labarin laftof ɗin Hajiya ƙarama daga nan Jamus

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kowa lafiya, ya su Umma da yara, ya zafi kuma, don na san yanzu Kano ta ɗau wuta. Kuɗin da ka turo sun shigo tun wancan satin, kuma na sayi laftof ɗin, amma ba irin wadda ka ce ba, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka dalili dalla-dalla kada ka ga kamar na yi gaban kaina ne.

Kai ka ce in nemo Core i7 kawai, wato injin nan na kamfanin Intel da ke zama ƙwaƙwalwar laftof, in dai akwai sitikar i7 a jiki to magana ta ƙare. Nima da haka na sani lokacin da nake zuwa Beirut Road, sai da na zo nan na gane cewa wannan sunan shi kaɗai ba ya gaya maka komai, i7 ta 2015 da i7 ta 2022 sunan ne kawai ɗaya. Lambar da ke biye ake dubawa, da harafin ƙarshe. In ka ga H to mai ƙarfi ce amma tana shan batir kamar me, irin ta masu wasan gem, awa biyu uku ta mutu ga fanka na ta ihu. In ka ga U to an yi ta ne don ta daɗe da caji. Sannan kusan duk Intel ɗin da bai kai ƙarni na 8 ba, wato zubi na takwas a jerin fitowarsu, Windows 11 ba ta yarda da shi, ga shi Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wallahi irin waɗannan tsofaffin ne kamfanonin nan suke fitarwa ana lodawa ana kawo mana gida da sunan London yus. Wannan abin yana ci min rai.

Ni abin da na sa a gaba shi ne yarinyar nan za ta fita lakca tun safe, soket ɗaya a aji mutum hamsin na layi a kansa, ta dawo gida ta tarar an ɗauke wuta. Don haka batir ne farko, sai rashin nauyi tunda a jaka za ta riƙa ɗauka tana hawa adaidaita.

In batir ne kawai wallahi MacBook Air zan saya, tun daga mai injin M1 ɗin da ta fito a ƙarshen 2020. Apple sun ce tana kai awa 18, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma ba ta da fanka sam, ka ga ba ta inda ƙurar hunturu za ta riƙa shiga tana toshewa. Wani abokin aikina yana da ita, tun safe har mu tashi ban taɓa ganin ya ciro caja ba. To amma da na kira Hajiya ƙarama na tambaye ta me suke amfani da shi a sashensu sai ta ce ArcGIS Pro na zanen taswira, shi kuwa a Windows kaɗai yake aiki. Nan maganar Mac ta mutu. Akwai kuma sababbi masu injin Snapdragon da suka fito a 2024, su ma batirinsu ba dama, sai dai ba kowace manhaja ke tashi a kansu ba, ban so ta je tsakiyar furojet abu ya ƙi buɗewa ba wanda zai taimaka mata.

Abin da na ɗauka shi ne ThinkPad T14s ta 2022 mai injin Ryzen na kamfanin AMD maimakon i7, RAM 16 (wurin da take riƙe ayyukan da ke buɗe), batir 57Wh, inci 14. Ba sabuwa ba ce, irin wadda ofisoshi suka yi aiki da ita aka gyara aka sake sayarwa ce. Ka riƙe wannan Wh ɗin Yaya, shi ne girman tankin, ba awannin da mai shago zai rantse maka a kai ba. RAM ɗin a manne yake da allon ciki ba a ƙarawa, shi ya sa na ƙi mai 8 duk da ta fi araha.

Bari ka ji abin da ya faru da ta farko. Na yi oda ta intanet, kwana biyu ta iso, na buɗe kwali ina murna, na zauna in rubuta mata saƙo in ce yanzu laftof ɗinki ta zo, sai na ga sikirin ya nuna zanyu. Ashe kibod ɗin Jamusanci ne, su Z da Y a juye suke, ga wasu haruffa masu ɗigo biyu a ka sun cinye wurin alamomi. Ni na saba da shi a wurin aiki har na manta in duba, amma mai rubuta Hausa da Turanci kullum ai Y da Z ba sa barin hannunsa. Ana iya canzawa a cikin saiti amma abin da ke rubuce a maɓallan zai riƙa ruɗa ta. To a nan doka ce, duk abin da ka saya ta intanet daga ɗan kasuwa kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba. Na mayar da ita kwalinta, na manna takardar da suka turo, na kai gidan waya, kafin sati ya zagayo kuɗina sun dawo cif, ba rantsuwa ba kiran shugaban kasuwa. Sabon kaya kuma shekara biyu doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa, na hannu in daga shago ne ba ya gaza shekara ɗaya. Amma in daga hannun mutum ka saya a Kleinanzeigen, shafin da mutane ke tallar kayansu na hannu, to yawanci kai da sa'arka, kamar dai gida.

Ta biyun da ta zo mai kibod ɗin Turanci ban yarda da bakin kowa ba, na buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, na rubuta powercfg /batteryreport, sai ta fito da takarda mai nuna abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Tata ta ɗan ragu kaɗan ne. Na cika ta, na rage hasken sikirin zuwa rabi, na yi ta karatu da rubutu daga bayan asuba sai wajen la'asar ta nemi caji. Don Allah ka koya wa duk wanda zai sayi ta hannu a Kano wannan, minti ɗaya ne a gaban mai shagon.

Inda gida ya fi nan kuwa gyara ne, wannan ba gardama. A nan in allon ciki ya samu matsala kuɗin aikin kaɗai sai ya sa ka haƙura ka sayi wata, ga jira sai an ba ka rana, Lahadi kuma shaguna duk a rufe. Yaranmu na Beirut Road da Farm Centre kana tsaye za su buɗe su gano abin da ya ƙone su canza. Wannan ma na cikin abin da ya sa na zaɓi ThinkPad, sun san cikinta kuma ana samun kayanta.

Cajarta USB-C ce mai wat 65, don haka na haɗa mata da fawa banki mai 20,000mAh da ke iya ba da wannan ƙarfin, kusan 74Wh kenan, ya fi batirin laftof ɗin ma girma, kuma bai kai 100Wh da jirage suka ƙayyade ba. Na gaya wa wanda zai taho da su ya sa a jakar hannu, ba a yarda fawa banki ya shiga kayan awo ba. Kan cajar irin na nan ne mai ƙafa biyu zagayayyu, ka sa a saya mata wayar mai ƙafa uku irin tamu, kada ta riƙa tura biro a soket. Kuma ka ce mata kada ta ɗora ta a kan katifa da rana cikin zafin nan, zafi ne ke kashe batir da wuri, ta samu tebur ko tire. Rasit ɗin yana cikin aljihun gaba na jakar, a adana shi. A gaida Umma, ka ce mata man zafin da ta ce yana cikin kayan.