Gargaɗi ga masu hawan keken dutse a Jidda da Makka da Madina game da wani mai tallar firam ɗin kabon

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa Hausawa mazauna Saudiyya, musamman matasanmu na Jidda da Makka da ɗalibanmu na Madina waɗanda suka shiga harkar hawan keken dutse, domin akwai wani mutum da yake bin zaurukan WhatsApp yana tallar firam ɗin keke (wato gangar jikinsa) na kabon, irin mai shakazoba a baya, yana karɓar kafin alƙalami, daga nan ko dai ya yi layar zana ko ya aiko da abin da zai iya karya wuyan mai hawa. Mu bakwai ya cuta a zaurenmu kaɗai, kuma ɗan yayata ne ya hau ɗaya daga cikin firam biyun da suka iso. Ba zan ambaci sunan da ya zo mana da shi ba, domin maganar tana gaban hukuma, kuma ya riga ya sauya sunan da lambar. Hanyar da yake bi ce ba ta sauya ba, ita nake so kowa ya gane.

Duk wanda ya taɓa ɗora kekensa a mota ranar Juma'a da sassafe ya hau Ɗa'if ya san dalilin da ya sa muke kwaɗayin irin wannan firam. Turbobin da ke wajen Shafa da Hada duwatsu ne da tsakuwa, kuma idan keken mutum a gaba kawai yake da shakazoba, bayan awa biyu ƙugunsa da tsintsiyar hannunsa za su gaya masa. Cikakken keken manyan kamfanoni irin su Specialized ko Scott kuwa ya fi ƙarfin aljihun direba ko mai tsaron shago ko ɗalibi. Saboda haka da yawa daga cikinmu muke tunanin sayen firam mai sauƙin kuɗi, mu cire fok da birki da giya da tayoyi daga tsohon keke mu mayar a kansa. Wannan dabara ce mai kyau, kuma akwai masana'antu na gaskiya a Sin, a garuruwa irin su Shenzhen da Xiamen da Dongguan, da suke ƙera firam ɗin da ba ya ɗauke da tambarin wani babban kamfani, mutane a ƙasashe da dama suna hawa lafiya. Ba su nake kushewa ba. A bayansu wannan mutumin ya laɓe.

Bai fara da talla ba. Ya yi kusan wata guda a zauren yana amsa tambayoyin yara kan sarƙa da taya, da Hausa tsantsa, yana cewa shi ɗan gida ne, wai a Shari'a Mansur kakansa ya zauna. Sai wata rana ya saka jadawalin kwatanta firam uku, ya ce taimako ne ga masu son saye. Na farko yana da lilon baya na milimita 100, na biyu 120, ya rubuta nauyin kowanne da faɗin wurin tayar baya da girman shakazobar da ke shiga, kuma daga baya na gano cewa alkaluman waɗannan biyun daidai suke, daga shafukan masu ƙera su ya kwafo. Gaskiyar da ke cikin layi biyun farko ita ta sa muka haɗiye na ukun ba tare da mun tauna ba. A layi na uku ya saka nasa: kabon T1000 zalla, nauyi giram 1,450, faɗin baya milimita 148 irin na Boost (sabon ma'auni mai faɗi), maƙalin giya na zamani da ake kira UDH, haɗe da shakazoba, kuɗinsa riyal 1,700 har da kuɗin jirgi da na kwastan.

Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan waɗannan alkaluma, domin a cikinsu ƙaryar take, kuma da mun yi lissafi da ba ta kama mu ba. Ana canza dala ɗaya a kan riyal 3.75, ke nan riyal 1,700 kusan dala 453 ne kawai. A cikin wannan kuɗin ne wai za a fitar da firam, da shakazoba, da kuɗin dako daga Sin, da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a ƙasar nan tun shekarar 2020, sannan shi ma ya ci riba. Shakazobar kirki ita kaɗai, ta Fox ko ta RockShox, za ta cinye babban kaso na wannan kuɗi. Batun nauyi ya fi muni. Firam ɗin tsere mafi tsada na manyan kamfanoni, waɗanda ake zuba dubban daloli a kansu, yawanci tsakanin kilo 1.6 da kilo 2 suke idan an haɗa da shakazoba, masu sauƙin kuɗi na gaskiya kuwa sukan kai kilo biyu ko su ɗara tun kafin a ɗaura musu ita. Wanda ya ce zai ba ka abin da ya fi na zakarun duniya rashin nauyi a kan kuɗin wayar hannu, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Haka nan lambar T1000 da yake ta nanatawa. T700 da T800 da T1000 sunayen nau'in zaren kabon ne na kamfanin Toray na Japan, kuma ido ba ya iya bambanta su idan an riga an shafe su da fenti. Masu ƙira na gaskiya sukan gauraya nau'o'in ne, su saka mai tauri a wani wuri, mai juriya a wani wurin, domin ƙarfin firam ya dogara ne da yadda aka shimfiɗa zaren falle a kan falle, da yadda aka matse shi aka gasa, fiye da lambar da aka liƙa a jikinsa. Sitika ce kawai, kowa yana iya buga ta.

Da ya ga mun nuna sha'awa sai ya ce oda ɗaya za a haɗa, ranar Alhamis za a rufe, kowa ya tura rabi. Da na shigar da lambar asusun, sunan da ya fito daban ne da nasa. Na kira shi na tambaya, ya ce: "Haba Alhaji, na abokin cinikina ne, iƙamata ce ake sabuntawa shi ya sa aka tsayar da asusuna. Wallahi ko ƙwandala ta ɓata ni zan biya." Na san mutane da dama da irin wannan matsala ta sama da gaske, don haka na yarda. Bayan mako uku ya ce kaya sun iso tashar jirgin ruwa ta Jidda, ana neman cikon kuɗi kafin a sake su. Biyar daga cikinmu muka cika, biyu suka ce sai sun ga kaya. Jimillar abin da ya karɓa a hannunmu riyal 10,200.

Firam biyu ne suka iso, nawa da na wani ɗan'uwa a Makka, kuma daga cikin ƙasar nan aka turo su, a naɗe cikin kwalin da ba na masana'anta ba, babu fatura, babu takardar garanti, babu lambar ƙira a ƙarƙashin gidan feda. Na fahimci daga baya cewa ba tausayi ne ya sa ya aiko su ba. Hoto yake nema. A ranar da muka saka hotunan a zaure muna murna, ya kwashe su ya kai wani zauren a Madina a matsayin shaidar cewa yana cika alkawari.

Na ba ɗan yayata nawa, saboda shi ne mai ƙuruciya da son hawa, muka kai wa wani bakanike Basudane da muka daɗe muna hulɗa da shi. Abin da ya fara yi shi ne rataya firam ɗin a sikeli, allura ta tsaya a kilo 2.6. Ya auna faɗin baya, ya samu milimita 142, tsohon ma'auni, saboda haka tayar yaron ta Boost ta ƙi shiga, sai wata tsohuwa aka nemo. Ya kama ɓangaren baya ya girgiza hagu da dama, muna jin boris yana ƙas-ƙas kamar an zuba yashi, shakazobar kuma tun kafin a hau ta mai ya fara tsatsafowa a bakinta. Sannan ya ɗauko ƙwandalar riyal ɗaya yana ƙwanƙwasa jikin firam ɗin sannu a hankali. A tsakiyar bututu ƙarar tana fita tas, amma da ya iso kusa da babbar mahaɗar da baya yake lilo a kanta, sai ta koma dum, kamar an bugi ɗanyen itace. Ya ɗago ya ce mini shi ba zai ɗora ɗansa a kan wannan ba.

Yaron ya ce: "Kawu, don Allah sau ɗaya kawai zan gwada, a hankali zan tafi." Na ƙyale shi, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk al'amarin, fiye da kuɗin nesa ba kusa ba. A gangara ta biyu a Shafa, inda babu wani tsalle, sandar baya ta ɓangaren sarƙa ta tsinke daidai wurin da ƙwandalar ta nuna. Taya ta karkace ta cije, ya wuntsila ta kan keken ya faɗi a kan kafaɗa. Hular kwano ta tsage, ƙashin kafaɗarsa ya karye, ya yi mako shida hannu a rataye ba ya zuwa aiki. Allah ne ya tsare, domin 'yan taku kaɗan a gaba kwazazzabo ne. Alminiyam yakan lanƙwashe ko ya nuna tsaga kafin ya rabu, amma kabon mara kyau ba ya sallama, lokaci ɗaya yake ɓallewa.

Mun yanka wurin da zarto don mu ga cikinsa. Baƙin kabon ɗin falle ne siriri a sama, ƙarƙashinsa farin zaren gilashi ne, ga ramukan iska, ga wani dunƙule na abin cike rami irin wanda masu gyaran jikin mota suke shafawa kafin fenti. A nan ƙarin kilo gudan ya ɓuya.

Wanda yake da niyyar sayen firam kada wannan ya hana shi, amma ya nemi abubuwan da maƙaryaci ba ya iya kawowa. Ya ce a ɗauko masa bidiyon firam ɗin a kan sikeli, da tef a tsakanin ƙafafun baya, da takarda a gefe mai ɗauke da kwanan watan ranar. Ya nemi zanen ma'auni cikakke, da girman shakazoba a rubuce, wato tsayinta da zurfin shigarta a milimita, misali 190 da 45 ko 165 da 38, da nau'in gidan feda, ko mai zare ne na BSA ko na dannawa, domin wanda bai taɓa riƙe kayan ba a nan yake fara kame-kame. Ya tambayi takardar gwaji bisa ƙa'idar ISO 4210, wato ma'aunin duniya na ingancin kekuna, ya duba ko sunan firam ɗin ne a kanta. Mu da muka tambayi mutuminmu wannan takarda bayan haɗarin, sai ya turo hoton da aka yanke kansa, awa ɗaya bayan haka ya toshe mu gaba ɗaya.

Mafi muhimmanci shi ne hanyar biya. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta shekarar 2019 ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin kwana 7 idan bai yi amfani da su ba, da damar soke ciniki idan aka yi jinkirin kawowa fiye da kwana 15, amma wannan kariya tana aiki ne a kan wanda ake iya kamawa, mai sijil tijari (rajistar kasuwanci) da fatura da asusun da ke ɗauke da sunan shagonsa. Wanda ya tura kuɗi zuwa asusun wani mutum daban ya fita daga inuwar nan da ƙafarsa. Idan kuma za a saya kai tsaye daga Sin, a biya ta dandalin da yake riƙe kuɗi har kaya su iso, kada a yarda a koma gefe don ragin riyal ɗari.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya kira bankinsa nan take, kada ya jira gari ya waye, ya adana hotunan hira da rasit, ya kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya kuma sanar da Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari. Dokar yaƙi da damfara ta shekarar 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5. Ina kuma jan kunnen matasanmu kada wani ya ba da aron asusunsa don a ba shi ɗan wani abu, domin sunan da ya fito a rasit shi hukuma za ta fara nema.

Akwai abin da na lura da shi wanda ya fi ɓata mini rai. A cikin mu bakwai, uku ne kawai muka iya kai ƙara. Sauran, wani takardunsa ba su cika ba, wani yana tsoron kafilinsa ya ji, wani kuma kunya ce ta hana shi, kuma na tabbata mutumin ya san da haka tun kafin ya zaɓi zaurukan Hausawa. Duk wanda yake cikin irin wannan hali ya ba wani ɗan'uwa amintacce hujjojinsa a haɗa da namu, domin yawan shaidu yana ƙarfafa ƙara.

A makon jiya wani ɗalibi a Madina ya turo mini jadawalin da ake yaɗawa a zaurensu. Suna sabo ne, lamba sabuwa ce, kuɗin ya koma riyal 1,850, amma giram 1,450 yana nan a layi na uku, kuma hoton da ke ƙasa na firam ɗina ne, a jingine da bangon gidana, kwana huɗu kafin ya karye.