Wasiƙa daga Birmingham: sankarar jini a can da nan

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambaye ni ko da gaske ne kyauta ake maganin sankarar jini a Ingila. Da gaske ne, sai dai an biya kuɗin tun ciwon bai zo ba. Hukumar lafiyarsu, NHS, da haraji take tafiya tun 1948, yawancinmu baƙi kuma muna biyan fam 1,035 na kowace shekara a haɗe da kuɗin biza. Daga nan shi ke nan. Ba a cewa ajiye kuɗi kafin a ba ka gado, ba a miƙa wa ɗan jinya takarda ya shiga gari neman allura. Tun 2009 ma aka yafe wa masu sankara kuɗin maganin da ake karɓa a kemis.

Nakan raka wani maƙwabcina asibiti, yana fama da irin wadda ke cin ɓargo, wadda ta fi kama baƙar fata. Ba kwantar da shi suke yi ba. Kujera ce ya zauna, a sa masa ruwan magani, a kawo shayi, kafin magariba muna gida. Akwai ɗan kati a aljihunsa mai lambar waya, ko ƙarfe biyun dare zazzaɓi ya taso ya kira, za a ɗauka. Ranar da jininsa ya yi ƙasa, ni har na fara lissafin wa zan kira cikin jama'armu. Ma'aikaciyar jinya ta fita kawai ta dawo da ledar jini. Ba wanda ya tambaye shi ina danginsa. Ka tuna yadda muke bi gida-gida, da roƙo a masallaci bayan sallah, a kan leda biyu?

Kada ka ɗauka su ba su da kuka. Kusan mutum 40,000 ake gano wa cutar duk shekara a Birtaniya, kuma ita ce ta uku wajen kisa cikin sankarori. A 2024 ƙungiyar Blood Cancer UK ta fitar da tsarin da take so gwamnati ta bi: a ƙara ƙwararrun likitocin jini da ma'aikatan jinya, a gano cutar da wuri, sababbin magunguna su isa ga kowa. Ƙa'idar NHS ita ce cikin kwana 28 da tura mutum asibiti a gaya masa yana da ita ko babu, amma kafin turawar ake shan wuya. Gajiya, rama, gumin dare, kaluluwa, ciwon ƙashi, duk likitan unguwa yana iya ɗaukarsu ƙaramin abu. Bambancin kawai, a gida taifot da maleriya za a yi ta yi wa magani har wata shida.

Wajen dashen ɓargo kuwa mu ne a baya. Bature, kusan 7 cikin 10 suna samun baƙon da ɓargonsa ya dace sosai da nasu, waɗanda ba Turawa ba ba su kai 4 cikin 10 ba, don sunayenmu sun yi kaɗan a rajistar masu ba da ɓargo.

Da za a tambaye ni abin da gwamnatinmu za ta sa a gaba, ba zan fara da manyan injina ba. Gwajin ƙidayar jini mai inganci a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, da wanda ya iya karanta shi. Ma'ajiyar jini mai wuta dare da rana, wadda ba ta dogara da dangi ba, domin maganin nan yana kassara ɓargo, wanda ba a iya yi wa ƙarin jini ba zai jure shi ba. Sai kuɗi. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 da ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) ya fara. Ya kamata ta jini ta samu cikakken gurbi. Ƙwayar Glivec, wadda ke riƙe wani nau'in cutar shekara da shekaru, an daɗe ana bayar da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, amma ka lissafa kuɗin mota daga Katsina da ɗan rakiya da masauki.

Batun yaron Hajiya da kaluluwarsa ta ƙi sauka, don Allah a bar kemis haka nan, a kai shi asibitin koyarwa, a ce ana son ganin likitan jini. A turo min hoton sakamakon gwajin. A gaida su Inna.