Mai gyaran wutar da ya ƙi sa mini waya iri ɗaya a ko'ina

Maki huɗu cikin biyar zan ba wannan ma'aikacin lantarki, ɗayan da na riƙe kuma saboda ƙarashen aiki ne. Na kira shi ya sabunta wayarin ɗin soket na gida: falo, ɗakunan kwana, kicin, da ɗakin ajiya can ƙarshen gida inda firiza take. Wayar da ke cikin bango tun lokacin gini 1.5 ce (lambar faɗin bakin ƙarfen waya ce, a murabba'in milimita), irin wadda ake ja wa fitilu, wanda ya yi aikin farko kuma ya ɗora mata bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa, mai amfiya 32 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ce). Soket ɗin da ake jona dutsen guga har ya sauya launi, in ka matso kusa sai ƙaurin roba ya buge ka.

Da ya zo duba aiki bai riƙo waya ko ɗaya ba, tef ɗin awo da littafi kawai. Ya bi ɗaki-ɗaki yana tambayar abin da ake jonawa, yana juya kayan yana karanta wat ɗin da ke rubuce a jikinsu. Lissafin ba wuya: a wuta mai volt 230, butar lantarki mai wat 3,000 tana jan amfiya 13. Ƙara mata dutsen guga a layi ɗaya, kuna iya wuce 20. Ita kuwa waya 1.5 a cikin fayif ɗin bango ƙarfinta bai fi amfiya 17 da ɗan wani abu ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan, bireka mai 32 kuma yana zaune abinsa, don a wurinsa ba a kai iyaka ba. "Yallabai, bireka waya yake gadi," in ji shi, dole ya faɗi kafin ita ta yi zafi. Shi ya sa duk layin da ya ja sai ya fara sanin ƙarfin wayar a inda za ta bi, sannan ya zaɓo bireka wanda bai kai wannan ƙarfin ba.

Falo da ɗakunan kwana 2.5 ya sa musu, da bireka mai 20. Wannan kowane mai wayarin ya sani. Inda ya sha bamban da sauran da na taɓa gani shi ne batun zafi. Alƙaluman da ke cikin teburin ƙa'ida, wanda ke nuna ƙarfin kowace waya, an gina su ne a kan yanayi mai digiri 30. Wayar 2.5 mai rigar PVC a cikin fayif tana ɗaukar kimanin amfiya 24 a wannan yanayin. In wurin ya kai digiri 40 sai a ninka da 0.87, ta dawo kusan 21, da ƙyar ta tsallake bireka mai 20. In ya kai 50, kamar yadda saman silin ke yi a ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka, 0.71 ne, ta dawo 17. Saboda haka layin da tsohon wayarin ya bi da shi ta saman silin, shi ya sauko da shi cikin bango. Haka ya ƙi cusa layi uku a fayif guda, domin wayoyin da suka cunkushe suna dafa junansu: layi biyu tare kowanne ya koma kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, uku kuma kashi 70. Sabon fayif ya sassaƙa. Ƙura kam mun sha ta, amma a nan ban ga laifinsa ba.

Kicin ya ba shi layinsa daban, waya 4 da bireka mai 25. Na tambaye shi tsarin zobe da ake yi a Ingila, inda 2.5 ke zama ƙarƙashin bireka mai 32 saboda wayar tana fita daga akwatin bireka, ta zaga soket-soket, ta dawo, wuta na bi ta hanya biyu, kowane fulogi kuma da fis ɗinsa wanda bai wuce amfiya 13 ba. Ya ce ya iya, amma ba ya so. In zoben ya tsinke a wuri ɗaya duk soket za su ci gaba da aiki, ba wanda zai lura, alhali ɓangare guda ne ke ɗauke da nauyin. Hujjar ta shige ni. 

A ɗakin ajiya muka saɓa. Tsawon wayar ya kai mita 40, ya ce 4 zai sa. Dalilinsa raguwar ƙarfin wuta a kan hanya: 2.5 tana zubar da milivolt 18 a kowane amfiya a kowace mita, wato volt 14.4 in an ja amfiya 20, alhali iyakar da aka yarda da ita ga soket kashi 5 cikin 100 ce, volt 11.5. Da waya 4 asarar ba ta kai volt 9 ba. Lissafin daidai ne. Sai dai firiza ce kaɗai a wurin, kuma 2.5 da bireka mai 10 za ta wadatar. Ya ce soket bai san abin da za a jona masa baɗi ba. Na bar shi ya yi, amma ya kamata ya shimfiɗa mini zaɓin biyu da kansa, ba sai na tono ba.

Wayar da ya kawo a gabana ya gwada ta. Ya kankare bakinta da wuƙa, ja ce har ciki. Akwai wadda ake yi da alminiyom a shafe ta da jan ƙarfe, da an kankare sai fari ya bayyana, alminiyom kuma kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke wucewa da ita yake iya wucewa. Ya auna kaurin ƙarfen 2.5 ɗin ya samu milimita 1.78, sannan ya ɗora na'urar awo a bakin naɗin mai mita 100, ta nuna turjiyar wayar ga wuta kusa da om 0.74 da ake tsammani. Wayar ƙasa, mai kwashe wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, ta isa kowane soket, ya kuma ƙara makarin nan mai miliamfiya 30 da ke yanke wuta in ta bi ta jikin mutum.

To ga inda makin ya zube. Waya 4 tauri gare ta, tsoffin akwatunan soket na kicin kuma ba su da zurfi. Ya so ya danna ta haka nan ya ɗaure murfi, sai da na yi magana ya canza akwatunan. Mutumin da ke ƙirga digirin zafi a saman silin bai kamata a tuna masa wannan ba. Soket biyu a falo sun karkace, ana gani daga bakin ƙofa. Gwajin da ya yi a ƙarshe da baki ya faɗa mini sakamakonsa, bai bar takarda ba, bai kuma rubuta wa kowane bireka sunan ɗakinsa ba, ni na bi ina kashewa ɗaya bayan ɗaya ina liƙa takarda. Wanda zai ba shi aiki ya sa takardar gwajin da rubuta sunayen bireka cikin sharaɗi tun kafin a fara fasa bango.